Marigayi Janar Murtala Ramat Muhammed: Sojan Kano Da Ya Tsaya Wa Angola Lokacin Da Maƙwabta Suka Afka Mata

Daga Sotega, Libreville

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa riƙe kuɗin Nijeriya, ko a Mont-Bouët yake ko a Bitam ko a Kye-Ossi, ya san fuskar nan da ke jikin takardar naira ashirin. Mai wannan fuska shi ne Janar Murtala Ramat Muhammed, ɗan birnin Kano, wanda ya mulki Nijeriya na kimanin kwana 200 kacal kafin a harbe shi a Legas yana da shekara 37 a duniya. Akasarin masu ba da labarinsa kan tsaya ne a kan ƙirƙiro jihohi da maganar Abuja. A wannan fili za mu bi rayuwarsa tun daga farko, amma za mu fi ba da ƙarfi ga abin da ya yi wa ƙasar Angola a lokacin da sojojin maƙwabtanta suka kutsa cikinta, domin batun takunkumi da rufe iyaka da taimakon ƙasar da aka zalunta abu ne da ya shafi tukunyar kowane mai fatauci.

Haihuwa da karatu

An haifi Murtala a birnin Kano ranar 8 ga Nuwamba, 1938. Ya fara karatun boko a cikin birni, ya yi makarantar Gidan Makama, sannan ya shiga Midil ta Kano, wadda yanzu ake kira Kwalejin Rumfa. Daga nan ya wuce Kwalejin Gwamnati ta Zariya, wato Barewa, inda ya gama a 1957. Kawunsa, Alhaji Inuwa Wada, babban ɗan siyasa ne a Jamhuriya ta Farko, har ya riƙe muƙamin Ministan Tsaro bayan rasuwar Alhaji Muhammadu Ribadu a 1965.

Murtala ya shiga aikin soja a 1958. Ya sami horo a Gana, sannan a makarantar hafsoshi ta Sandhurst da ke Ingila, kuma ya fito da anini ɗaya a kafaɗa a 1961. Fannin sadarwa na soja shi ne sana'arsa. A 1962 yana cikin sojojin Nijeriya da suka yi aikin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya a Kwango, ƙasar da a lokacin sojojin haya da manyan ƙasashen waje suka tsoma hannu dumu-dumu cikin rikicinta bayan kashe Patrice Lumumba. A 1963 ya auri matarsa Ajoke, Bayarbiya, kuma Allah Ya ba su 'ya'ya shida.

Juyin mulki da yaƙin basasa

Ranar 15 ga Janairu, 1966, wasu hafsoshi suka kashe Sardauna Ahmadu Bello da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa da manyan sojojin Arewa irin su Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Muhammad. Murtala na cikin jagororin juyin mulkin ramuwa na ranar 29 ga Yuli na wannan shekara, wanda ya ci ran Janar Aguiyi Ironsi, ya kuma kawo Yakubu Gowon kan mulki. A kwanakin farko Murtala yana cikin masu ganin Arewa ta ɓalle kawai, kafin daga baya a shawo kansu.

Da yaƙin Biyafara ya ɓarke a Yulin 1967, sojojin Ojukwu suka tsallaka suka mamaye Jihar Tsakiyar Yamma a watan Agusta, har suka kai garin Ore a kan hanyar Legas. Murtala aka ba aikin haɗa Runduna ta Biyu cikin gaggawa, kuma a watan Satumba ya ƙwato birnin Benin. To amma tarihin wannan runduna ba duka ne fari ba. A watan Oktoban 1967 sojojinta sun kashe ɗaruruwan fararen hula a garin Asaba, abin da har gobe mutanen garin ba su manta ba. Haka kuma yunƙurin da ya yi ta yi na ƙetare Kogin Neja zuwa Onica da jiragen ruwa ya jawo asarar sojoji masu yawa, sai a Maris na 1968 garin ya faɗo hannunsa ta wata hanyar. A cikin wannan shekarar ya bar fagen daga ya koma fannin sadarwa.

Wannan yaƙi ya taɓa Gabon kai tsaye. A watan Mayun 1968 gwamnatin Shugaba Bongo ta amince da Biyafara a matsayin ƙasa, kamar yadda Tanzaniya da Kodebuwa da Zambiya suka yi. Gwamnatin Nijeriya ta toshe wa Biyafara hanyoyin ruwa da na ƙasa, yunwa ta kashe mutane ba iyaka, yawancinsu ƙananan yara. Daga Libreville da tsibirin Sao Tome jiragen sama ke tashi da dare zuwa filin Uli, wasu da abinci da magani, wasu da makamai, kuma an kwaso dubban yara marasa galihu zuwa Gabon da Kodebuwa. Duk wanda ya ga yaran nan ya san cewa idan aka toshe ƙofa, ba mai bindiga ne ke fara kwana da yunwa ba.

Kwana 200 a kan mulki

Murtala ya zama Birgediya a 1971, kuma a 1974 Gowon ya naɗa shi Kwamishinan Sadarwa na Tarayya. Ranar 29 ga Yuli, 1975, Gowon yana taron shugabannin Afirka a Kampala, Kanar Joseph Garba ya shiga rediyo ya sanar da kifar da gwamnati ba tare da zubar da jini ba. Aka ɗora Murtala a kan kujera, Olusegun Obasanjo ya zama mataimakinsa, Theophilus Ɗanjuma kuma shugaban sojojin ƙasa. Shi kuwa Garba sai aka ba shi harkokin waje.

Mutum ne mai zafin nama, ba ya jiran gobe. Ya soke ƙidayar 1973 da ta jawo gardama. Ya tarar da ɗaruruwan jiragen ruwa maƙare da siminti sun cunkushe tashar Legas, kayan 'yan kasuwa na lalacewa a kan ruwa, ya sa aka shiga aikin share tashar. Ya sallami ma'aikatan gwamnati sama da 10,000 bisa zargin cin hanci ko lalaci ko tsufa. Talakawa sun yi murna, amma an kori da yawa ba tare da an saurari bakinsu ba, kuma masana da dama na ganin tun daga nan ma'aikaci ya daina amincewa da kujerarsa. Ya kafa kwamitin rubuta tsarin mulki ƙarƙashin Rotimi Williams, ya sa ranar 1 ga Oktoba, 1979 a matsayin ranar miƙa mulki ga farar hula. Ranar 3 ga Fabrairu, 1976 ya sanar da ƙara jihohi daga 12 zuwa 19, da kuma shawarar ɗauke babban birni daga Legas zuwa Abuja.

Yadda wuta ta kama a Angola

Angola ƙasa ce mai arzikin man fetur da lu'ulu'u, wadda Turawan Fotugal suka daɗe suna mulka. Bayan sojoji sun kifar da gwamnatin Fotugal a Afrilun 1974, aka sa ranar 11 ga Nuwamba, 1975 a matsayin ranar 'yanci. Ƙungiyoyi uku ne ke neman mulki. Akwai MPLA ta Dokta Agostinho Neto, wadda ke riƙe da Luwanda babban birni, Tarayyar Sobiyet da Kyuba na mara mata baya. Akwai FNLA ta Holden Roberto, wadda Mobutu na Zayar da hukumar leƙen asirin Amurka ke ɗaure wa gindi. Sai kuma UNITA ta Jonas Savimbi a kudu.

Da farko matsayin Nijeriya, kamar na yawancin ƙasashen Afirka, shi ne ukun su haɗu su kafa gwamnatin haɗin gwiwa. Abin da ya sauya lissafi shi ne shigowar Afirka ta Kudu. A wancan lokacin gwamnatin Turawa tsiraru masu wariyar launin fata ce ke riƙe da Namibiya da ƙarfin tsiya, duk da cewa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙwace mata izinin riƙon tun 1966. Wannan ya sa ta zama maƙwabciyar Angola ta kudu. A watan Agustan 1975 sojojinta suka tsallaka suka kama wajen madatsar ruwa ta Calueque, sannan a tsakiyar Oktoba suka kutsa da motoci masu sulke, suna kama gari bayan gari a bakin teku, sun nufi Luwanda. Ta arewa kuma sojojin Zayar ne ke tafe tare da FNLA, har sai da aka fatattake su a Kifangondo, dab da Luwanda, ana gobe bikin 'yanci. A watan Nuwamba ne Kyuba ta fara sauke dubban sojojinta don kare birnin.

Da gwamnatin Murtala ta tabbatar sojojin wariyar launin fata na cikin Angola, ba ta tsaya dogon shawara ba. Ranar 25 ga Nuwamba, 1975, mako biyu da samun 'yanci, Nijeriya ta amince da gwamnatin Neto. Ba ta tsaya a fatar baki ba, ta bi da tallafin dala miliyan 20, sannan ta tura wakilai ƙasa-ƙasa a Afirka suna neman goyon baya. Hujjar mai sauƙi ce. Rigimar 'yan gida daban, amma duk wanda ya buɗe wa mai wariyar launin fata ƙofa ya shigo da bindiga, to ya fita daga sahun waɗanda za a zauna a raba mulki da su. Hausawa kan ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Murtala bai tsaya a nasa gemun ba, sai ya ɗauki ruwan ya nufi gidan da ke ci.

Wasiƙar Ford da taron Adis Ababa

A farkon Janairun 1976, Shugaban Amurka Gerald Ford ya aika wa shugabannin Afirka wasiƙa, yana neman kada su amince da MPLA, su kuma haɗa janyewar Afirka ta Kudu da janyewar Kyuba da Sobiyet. A al'adar diflomasiyya irin wannan wasiƙa a ɓoye ake amsa ta. Gwamnatin Murtala sai ta miƙa ta ga 'yan jarida aka buga, tare da martani mai zafi da ya ɗauki wasiƙar a matsayin raini ga shugabannin Afirka. Mai karatu ya tuna cewa a lokacin Amurka ce babbar mai sayen ɗanyen man Nijeriya. Wato mutum ne ya ɗaga wa babban mai cinikinsa murya a tsakiyar kasuwa.

Bayan 'yan kwanaki aka yi taron gaggawa na Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, wato OAU, a Adis Ababa ta ƙasar Habasha. Murtala ya je da kansa, ya yi jawabi ranar 11 ga Janairu. Gundarin maganarsa shi ne Afirka ta kai munzalin da za ta yanke wa kanta hukunci ba tare da karɓar umarni daga wata nahiya ba, kuma ba daidai ba ne a auna waɗanda suka taimaki masu neman 'yanci da waɗanda suka daɗe suna ƙarfafa masu wariya a sikeli ɗaya.

Duk da haka taron ya rabu biyu daidai wa daida. Ƙasashe 22 suka bi bayan ƙudurin Nijeriya na amincewa da MPLA, cikinsu har da Jamhuriyar Nijar da Gana da Aljeriya da Tanzaniya. Wasu 22 suka bi ƙudurin Senegal na gwamnatin haɗin gwiwa, cikinsu har da Zayar da Zambiya da Kodebuwa da Gabon. Habasha mai masauki da Yuganda mai shugabancin ƙungiyar ba su jefa ƙuri'a ba. An tashi baran-baran, amma guguwar ta riga ta juya. Majalisar dokokin Amurka ta toshe kuɗin da ake tura wa FNLA da UNITA a asirce, ƙasashen Afirka suka riƙa sauya sheƙa ɗaya bayan ɗaya, kuma ranar 11 ga Fabrairu, 1976 OAU ta karɓi Angola a matsayin mamba.

Rasuwarsa

Kwana biyu bayan wannan, ranar Juma'a 13 ga Fabrairu, 1976, Murtala ya fito daga gida da safe zuwa ofis a cikin baƙar Marsandi, ba jiniya ba ayarin masu gadi, kamar yadda ya saba. Motar ta tsaya a cunkoson motoci a Ikoyi, sai sojojin da Laftanar Kanar Buka Suka Dimka ke jagoranta suka buɗe mata wuta. Ya rasu nan take tare da dogarinsa, Laftanar Akintunde Akinsehinwa. A wannan rana kuma aka kashe Gwamnan Kwara, Kanar Ibrahim Taiwo. Juyin mulkin bai yi nasara ba. Aka kai gawar Murtala Kano aka yi masa sutura, Obasanjo ya gaje shi, aka ɗaga Shehu Musa 'Yar'aduwa ya zama mataimaki. An harbe Dimka a watan Mayun wannan shekara.

Bai ga ƙarshen abin da ya fara ba. A ƙarshen Maris na 1976 sojojin Afirka ta Kudu suka janye daga Angola, kuma ranar 31 ga watan Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 387, wanda ya la'anci harin, ya kuma nemi a biya Angola diyya.

Takunkumin da ya biyo baya

Magadan Murtala sun ɗora a kan layin da ya shata. Nijeriya na cikin ƙasashen Afirka da suka ƙaurace wa wasannin Olamfik na Montreal a 1976. An kafa asusun tallafa wa kudancin Afirka, wanda ma'aikata da ɗalibai da 'yan kasuwa suka zuba kuɗi a ciki. A Agustan 1977 aka yi babban taron duniya na yaƙi da wariyar launin fata a Legas, kuma ranar 4 ga Nuwamba na wannan shekara Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 418, wanda ya haramta wa kowace ƙasa sayar wa Afirka ta Kudu makamai. A 1979 gwamnatin Obasanjo ta ƙwace hannun jarin kamfanin mai na Ingila, BP, bisa zargin yana da hannu wajen kai wa Afirka ta Kudu mai, kuma don jan kunnen gwamnatin Margaret Thatcher kada ta ɗage wa Rodeshiya takunkumi. Direbobin da suka sha mai a gidajen man AP a shekarun baya, to asalinsu ke nan.

Sai dai takunkumi kamar shingen gona yake, ƙofa ɗaya aka bari a buɗe ta ishi awaki. Tun 1966 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙaƙaba wa gwamnatin Ian Smith ta Rodeshiya takunkumi, ta ƙara tsaurara shi a 1968, amma gwamnatin ta ci gaba da numfashi har zuwa 1979, domin mai da kaya na shiga ta Afirka ta Kudu, da kuma ta Mozambik kafin ta sami 'yanci. Nan Libreville ma jiragen wani matuƙi ɗan Rodeshiya, Jack Malloch, sun shafe shekaru suna sauke naman shanun Rodeshiya da sunan kamfanin Affretair mai rajistar Gabon. Rodeshiya ta zama Zimbabuwe a 1980.

Ita ma Angola ba ta huta ba. Gwamnatin MPLA ta zama ta jam'iyya ɗaya, Afirka ta Kudu ta ci gaba da kai hare-hare har zuwa yarjejeniyar Disamban 1988 da ta kai ga ficewar sojojin Kyuba da 'yancin Namibiya a 1990. Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana sayar wa UNITA makamai da mai a 1993, ta hana sayen lu'ulu'unta a 1998, amma 'yan fasa-ƙwauri suka ci gaba da ciniki. Yaƙin bai ƙare ba sai bayan kashe Savimbi a Fabrairun 2002. Saboda haka ba za a ce Murtala ya kawo wa Angola zaman lafiya ba. Abin da ya yi shi ne hana a naɗa mata gwamnati da bakin bindigar maƙwabci.

Abin lura ga 'yan kasuwa

'Yan'uwa masu fatauci sun fi kowa sanin ɗacin rufe iyaka. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, ƙungiyar ECOWAS ta rufe iyakoki, Nijeriya ta yanke wutar lantarki, manyan motoci suka yi layi a Jibiya da Illela da Maigatari, albasa da tumatir suka ruɓe, farashin shinkafa da magani ya tashi a Maraɗi da Ƙonni. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024 ba tare da sojojin sun sauka ba, kuma a Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ƙungiyar. Wannan rigimar cikin gida ce, ba harin maƙwabci ba, amma ta nuna wanda ke biyan kuɗin idan aka rufe ƙofa a kan kowa da kowa.

Idan aka dubi abin da Murtala da magadansa suka yi, za a ga bambanci. Sun ware wanda ya yi ta'adi, suka nufi makamansa da man da ke motsa motocinsa da kamfanonin da ke cin riba da shi. Ita kuwa ƙasar da aka afka wa, sun ba ta amincewa da kuɗi a lokacin da take tsananin buƙata, ba bayan ƙura ta lafa ba. Sun kuma yarda su ɗauki asarar a aljihun gwamnatinsu, har da ɓata wa manyan abokan cinikinsu rai. Duk lokacin da mai karatu ya ji a rediyo za a sa wa wata ƙasa takunkumi, yana da kyau ya tambayi kansa abu uku: wa aka nufa da shi, wace ƙofa aka bari a buɗe, kuma me aka kai wa wanda aka zalunta a hannu.

A yau babban filin jirgin saman Legas da babban asibitin cikin birnin Kano suna ɗauke da sunan Murtala, kuma tun 1977 hotonsa ke kan naira ashirin. A Luwanda ma, babban titin da ya ratsa tsibirin birnin sunansa yake ɗauke da shi. Mutum ne mai kura-kurai manya da kuma alheri babba, kuma hisabinsa na wurin Mahaliccinsa. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa, Ya jiƙan dukkan waɗanda suka rasa rayukansu a yaƙe-yaƙen nan, Ya kuma ba ƙasashenmu zaman lafiya da maƙwabtansu, amin.